Katanga Mai Tumbi

Tun muna yara, duk ranar da hanya ta bi da mu ta gaban tsohon gidan hukuma, sai Baba ya rage gudun mota, ya zura hannu ta taga, ya nuna mana bakan gizon da ke saman ƙofar, ya ce aikin kakanmu ne. Na baya su yi ta danna oda, shi ko a jikinsa. Sai ya tabbatar kowa a motar ya waiwaya ya kalla, har da Inna wadda ta kalla ya fi sau ɗari, sannan zai taka mai.

Gidan kuwa abin kallo ne. Da baƙin dutse aka gina shi, irin wanda ya kewaye garin nan namu na Madina, tun zamanin Turkawa. Bene ne mai hawa ɗaya, da tsakar gida mai faɗi, da tagogin katako sassaƙaƙƙu da suka turo kai waje, waɗanda a nan muke kira roshan. A saman ƙofa an jera baƙin dutse da fari bi da bi, an lanƙwasa su, ko allura ba ta shiga tsakaninsu. A da can nan ne ake yanke hukunci, a buga hatimi, a tsare wanda za a tsare. Da hukuma ta koma sababbin ofisoshi masu na'urar sanyi, sai aka mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru, daga baya tattabaru suka karɓi mulki. Unguwannin da suka girme shi duk sun tafi. Shi ina jin mantuwa ce kawai ta cece shi.

Kakanmu daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa, ya ratso Chadi da Sudan, yana tafe yana tsayawa neman guzuri, har Allah ya kawo shi. Magini ne tun a gida. Ya rasu Baba bai ko yi famfara ba, don haka ko kamanninsa Baba ba ya iya tunawa. Abin da ya gada daga gare shi magana ce guda ta bakin mahaifiyarsa: ubanka ya yi aiki a gidan hukuma. Ba ta ce ga inda ya yi ba. Baba da ya girma ya je ya zagaya gidan, ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina kyau, ya ba ubansa. Shi kansa Baba ginin a hannun wani Bayamale ya koya, mutumin da ke koyarwa da mari da mizani, wato igiyar nan mai dalma a baki da ake sakewa a ga ko bango ya miƙe. Baba ya fito daga hannunsa ba ya iya ganin karkataccen abu ya yi shiru. Ko hoto ne a bangon gidan mutane sai ya tashi ya daidaita shi kafin ya sha shayi. Idan aka yaba aikinsa sai ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a je a dubi ƙofar gidan hukuma.

Ni kuma Allah ya yi ni malamin tarihi, kuma wannan ita ce matsalar. Tun ina jami'a na lissafa na ga abin bai hau ba. Lokacin da aka ɗaura bakan gizon nan, kakanmu in ma an haife shi to yana goye. Na sani, na kuma ja bakina na tsuke, ni da ba na iya barin ɗalibi ya yi kuskuren shekara ɗaya. Dalili shi ne na san abin da ƙofar take a wurin Baba. Mu 'yan ƙasa ne, takardunmu cikakku, a nan aka haife shi, a nan aka haife ni. Amma ba a rasa wanda zai dube ka ya tambaye ka asalinku daga ina, da wata irin murya. Baba ba ya ciro takarda. Cewa yake a je a dubi ƙofar. Tausayinsa nake ji, shi ya sa ban taɓa taɓa masa ita ba.

Ana nan sai aka ce za a gyara gidan a mai da shi wurin da mutane za su riƙa shiga suna kallo. A lokacin Baba ya daɗe da ajiye aiki, idonsa ya yi rauni, mun karɓe makullin mota bayan ya gaisa da turken fitila sau biyu. Kamfanin da aka ba aikin ya rasa wanda ya san kwaɓin nura, farar ƙasar da ake gini da ita kafin siminti ya zo, sai wani ya yi musu kwatancen gidanmu a Bani Harisa. Ba su gama bayani ba Baba ya aika a ɗauko masa takalmansa. Hutun makaranta ne, don haka ni na zama direba, kullum bayan asuba, ina tuƙi yana gyara mini tuƙin.

Mai kula da aikin wani muhandis ne, injiniya ke nan, ɗan nan garin, mai ladabi har ya yi yawa. A waje ya karanto gyaran tsofaffin gine-gine. Yana kiran Baba ya ammi, wato baffana, yana riƙe masa hannu a matakala. Kwana biyu suka yi suna son juna. A na uku suka gane ba abu ɗaya suke nufi da gyara ba. A wurin Baba, in an ce a gyara gida, to a rufe masa asiri ne: a cike tsaga, a yaɓe, a shafe, a yi fenti, wanda ya gani ya rantse jiya aka gama shi. A wurin muhandis kuwa a kankare duk abin da aka shafa daga baya, a bar dutse tsirara, in an sa sabo ma a sa shi yadda ba zai yi wa tsohon rashin kunya ba. Baba ya dawo mota yana huci. Ya ce shekara hamsin yana gini bai taɓa ganin inda ake kiran gwani a ce ya yi aiki yadda ba za a ga ya yi ba. Wata rana muhandis ya hana shi cike wani rami a bango, wai gurbin ƙarfen fitila ne na da. Baba ya tambaye shi ko kashin tattabarun ma na tarihi ne, a bar shi.

Duk da haka aiki ya tafi, domin hannun Baba ya san nura, muhandis kuma ya san haka. Ranar da aka kafa katakon hawa a ƙofar gaba, Baba ya hana kowa taɓa bakan gizon. Shi ya hau da kansa, da hular kwano a kan hularsa, ni a ƙasa raina a hannu. Ya wanke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tara leburori ya yi musu lacca a kan hannun ubansa. Muhandis, wanda ya fi ni sanin shekarun ƙofar, ya dube ni. Na dubi takalmina. Daga nan na san mutumin kirki ne, don ya rufa mana asiri.

Rigimar gaske a bayan gida take. Can inda a da ake ɗaure alfadarai akwai wata katanga da ba ta yi kama da sauran ginin ba. Dutsen ɗaya ne, amma daga ƙasa ta yi kauri kamar za ta zauna, tana hawa tana ramewa, samanta a dunƙule babu kaifi, a kusurwa kuma ga wani ƙululu ya turo. Baba ya sake mata mizani, igiya ta tsaya a sama tana lilo, dalma ta kwanta a jikin katangar tun ba a je rabi ba. Ya ce katanga ce mai tumbi. Daga ranar ya sa ta a gaba. Da safe kafin ya gai da kowa sai ya je ya zage ta. Ya ce wanda ya gina ta jaki ne, ya ce da ƙafa aka yi ta, ya ce ko makaho aka ba duwatsun nan zai ji kunya ya fi haka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce wannan ƙazanta tana gida ɗaya da aikin ubansa. Leburori har sun haddace, in ya fara sai su ƙarasa masa.

Ya matsa wa muhandis a rushe ta a yi miƙaƙƙiya. Muhandis ya ce ba a rushe tsohon abu don ya yi muni. Baba ya bi shi ofis, ya bi shi wurin mota, ya tare shi a ƙofar masallaci bayan azahar. Ya nuna masa tsagar da ta ratsa saman katangar, wadda kuwa gaskiya ce, tana nan. Ya ce in ta faɗo wa masu kallo, shi dai ya faɗa. A ƙarshe bawan Allah ya gaji, ya duba tsofaffin zanen gidan, ya ga katangar ba ta ciki, ƙari ce da aka yi bayan tafiyar Turkawa. Ya rubuta wa kwamitin da ke sama da shi. Bayan mako uku amsa ta zo: a rushe. Baba ya sa na tsaya a hanya ya sayi gurasar tamis da wake na kowa da kowa, kamar an yi masa haihuwa.

A cikin masu cin wannan walima akwai wani mutumin Damagaram, mai kwaɓi, dattijo ne da furfura a gemu, da iƙama yake aiki, takardar zaman baƙi, shekarunsa kaɗan a ƙasar. Ba shi da yawan magana, in Baba na zagin katanga shi dai sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da juya ceburinsa. Ran nan ya tsoma gurasa a wake ya ce shi kam zai yi kewarta. Ya ce ranar da ya fara zuwa wurin nan ya daɗe a tsaye gabanta, don sak katangar gidan ubansa ce, dutse ne kawai ya bambanta su. Baba ya ce to Allah ya jiƙan magina a garinsu. Mutumin bai ji haushi ba. Ya ce ai haka ake ginin ƙasa a gida: a ba katanga gindi mai faɗi, tana tashi ana rage mata nauyi, a dunƙule kanta don ruwa ya zame. Ba a sa mata igiya, ido da tafin hannu ne ma'auni.

"Mu'allim, wanda ya yi wannan ba jahili ba ne," in ji shi, don haka ake kiran babban magini a nan. "Bahaushe ne aka ba shi dutse, ya yi abin da ya iya da tubali. Wancan ƙululun na kusurwa ma zanko ne ya karye."

Zanko shi ne ɗan ƙahon nan da ake fitarwa a kusurwar soro. Ni a hoto na san shi. Baba ko a hoto ban tabbata ba, don bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Ya ce Hausawa nawa ne suka yi leburanci a garin nan, ai ba su ƙirguwa. Ya faɗi haka da ƙarfi, amma gurasar da ke hannunsa bai kai ta baki ba. Da muka tashi aiki muka kama hanyar gida, ko sau ɗaya bai gyara mini tuƙi ba, har na fara tsorata. Muna kusa da gida ya ce in juya, Awali za mu.

A Awali yayarsa take, Gwaggo, a wani gida cikin gonakin dabino inda ɗanta ke kula da wata gona. Ta ba Baba shekara bakwai ko takwas, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta ya amsa. Mun same ta bayan la'asar a kan tabarma tana cire ƙwallon dabino. Aka kawo gahawa. Baba ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi ruwan rijiya, sannan ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko ta tuna wurin da babansu ya yi aiki a gidan hukuma. Ta ce yaya za ta manta, ita da take kai masa abinci a akushi kullum. Ta ce ta baya take shiga, wajen alfadarai, nan yake gina katanga shi kaɗai. Har ta tuna shugaban aikin yana yi masa faɗa wai katangar ta yi ciki, shi kuma yana cewa katangar da ba ta da ƙugu ba ta daɗewa a tsaye.

"Ƙofar gaba fa, Yaya?" in ji Baba.

"Wace ƙofar gaba? Ta nan ko wucewa ba a bari ya yi."

Baba ya tambaye ta don me ba ta taɓa faɗa ba, shekara da shekaru tana ji yana nuna wa mutane ƙofa. Ta jefa ƙwallo a kwano ta ce yaushe ya taɓa tambayarta, kuma yaushe ya taɓa yin shiru har wani ya samu wurin sa baki. Ta ce ita ta ɗauka ma ya sani, ƙarin gishiri ne kawai irin nasa. Sannan ta tambaya ko katangar na nan. Na buɗe baki, Baba ya taka mini ƙafa. Ya ce tana nan lafiya lau.

An ce baki shi ke yanka wuya. Jibi ne za a kawo motar rusau, kuma duk wanda ke wurin aikin ya san wanda ya roƙo ta. A hanya na ce masa ni zan je in yi wa muhandis bayani a keɓe, ba sai kowa ya ji ba. Ya ce a'a. Ya ce a gaban mutane ya yi zagin.

Washegari ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya tsaya a gindin katangar har leburori suka taru, muhandis ya iso da takardu a hammata. Na taɓa ganin Baba a gadon asibiti, na gan shi ranar da muka binne Inna, amma ban taɓa ganin ya ƙanƙance kamar safiyar nan ba. Ya yi gyaran murya ya yi magana da Larabci don kowa ya ji.

"Jakin da ya gina wannan katanga ubana ne. Ƙofar gaba ba aikinsa ba ce. Ni ne ban san hannunsa ba."

Wani Bamisire ya fara dariya, yana tsammani sabon salon zagi ne, ya duba ya ga shi kaɗai yake yi, ya mai da ita tari. Muhandis ya daɗe yana kallon takardar da ya sha wahalar mako uku kafin ya samo. Na ga yana so ya ce wani abu game da tare shi da aka yi a ƙofar masallaci, amma tarbiyya ta hana. Ya ce katangar da ba a san mai ita ba daban, wadda aka san wanda ya gina ta, ga kuma mai shaida da rai, daban. Zai sake rubutu. Sai dai tsagar da Baba ya nuna gaskiya ce, rabin sama dole ya sauko, a sa wa duwatsun lamba, a mai da su yadda suke. Ya je Awali da kansa don ya ɗauki bayanin Gwaggo. Ta hana shi ɗaukar hoto, ta tsare shi awa biyu, ya dawo da bayani da kwalin dabino da shawarar ya ƙara aure.

Amsa ta biyu ta zo, aka sauke rabin katangar a hankali. Baba ya ce ba mai mai da ita sai shi, kuma wa zai yi musu? Ya hau, ya jera sahu uku, ya sauko ya ja da baya ya duba. Sun miƙe sambal kamar an ja da rula. Ya rushe ya sake. Wannan karon ya karkatar da su da gangan, sai abin ya fito kamar bangon da mota ta daka, har muhandis ya kau da kai. Kwana uku yana wannan fama. Lambobin suna nan a jikin duwatsu, hoton yadda take a da yana hannuna ina nuna masa, amma da ya ɗora dutse sai hannunsa ya daidaita shi kafin ya ankara. Marin Bayamalen nan bai tafi a banza ba. Na yi dariya a rana ta farko. A ta uku ban yi ba, don na ga yadda yake duban tafin hannunsa.

A rana ta huɗu ya sauko tun hantsi bai yi ba, ya je wurin kwaɓi, ya karɓe cebur daga hannun mutumin Damagaram, ya miƙa masa cokalin gininsa. Mutumin ya ƙi karɓa, ya ce ina shi ina hawa sama Mu'allim yana ƙasa, ai ko a takardarsa lebura aka rubuta. Baba ya ce masa a wannan katangar dai kai ne mu'allim, hau kawai. Da ya hau ma ajiye cokalin ya yi a gefe. Da hannu yake ɗibar nura, ya ɗora dutse, ya ɗan tura shi ciki da gindin tafinsa, ya shafa gefen, ya kanne ido ɗaya ya duba, ya miƙo hannu a ba shi wani. Baba na ƙasa yana kwaɓawa yana miƙawa, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, farar ƙasa har gira. Katanga ta fara tashi tana ramewa, sabon yana bin tsohon kamar ba a taɓa raba su ba.

Mutumin da hannunsa ya tuna gida sai ya fara sauri, yana ɗan waƙa a maƙogwaro. Can na ga Baba ya daina miƙa dutse. Ya jingina cebur, ya jawo wani bulo ya zauna, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, ya ɗaga kai. Na matso na tambaye shi ko ya gaji ne mu tafi gida. Bai dube ni ba.

"Malam, yi a hankali don Allah," ya ce da na sama. "Ban taɓa ganin ubana yana aiki ba."